Shirin Hanen ga yaro mai lalurar Down: inda yake da ƙarfi da inda sai an ciko

Shirin It Takes Two to Talk na Cibiyar Hanen da ke Toronto a Kanada, iyaye yake koyarwa, su kuma su koya wa yaronsu magana a gida ta hanyar wasa. Ayala Hanen Manolson, ƙwararriya kan matsalolin magana, ita ta kafa cibiyar a 1975, bisa hujjar cewa awa guda a mako a ɗakin ƙwararre ba za ta kamo ƙafar sa'o'in da yaro ke yi da uwarsa ba. An tsara shirin ne don yara 'yan ƙasa da shekara 5 masu jinkirin magana ko da wane dalili ne, ba don masu lalurar Down kaɗai ba, wato lalurar da ake haihuwar yaro da ita mai jinkirta masa girma da koyo. Daga nan yawancin giɓinsa ya samo asali.

Ana farawa da ganawa ɗaya don a auna inda yaro yake. Sai zama 6 zuwa 8 na ƙaramin rukunin iyaye, ba tare da yaran ba, da kuma ganawa 3 ta kowane gida shi kaɗai, inda ake ɗaukar bidiyon uwa ko uba suna wasa da yaron, a zauna a kalla tare. Ƙwararren magana da cibiyar ta horar ne kaɗai ke da izinin gudanar da shi, ido da ido ko ta intanet.

A ganinmu bidiyon nan shi ne ya fi komai daraja a cikin abin da ake biya. Uwa za ta rantse tana bai wa yaronta lokaci, sai ta ga kanta a allo: cikin minti ɗaya ta jero "mene ne wannan?", "ce ƙwallo", "a'a, ba haka ba", ta kuma karɓe abin wasan ta gyara masa. A gefe guda yaron ya ɗaga hannu ya kalle ta, ba ta ma lura ba. Ba sakaci ba ne. Yaro mai lalurar Down yana ɗaukar lokaci kafin ya sarrafa abin da ya ji, tsokar bakinsa da ta jikinsa na da laushi, amsarsa kan zo a makare kuma a raunane, don haka babba yakan cike shirun da umarni. Maganin da shirin ke koyarwa mataki uku ne: lura da abin da ya ɗauki hankalinsa, jira, saurara. Jiran nan a ƙirga shi a zuci har goma, baki a rufe, fuska na nuna ana sauraron wani abu daga gare shi. Ya fi yadda ake zato wuya.

Ga yadda abin yake a aikace, da kumfar sabulu. Ki zauna a tabarma, ko ki kwanta rub da ciki, idonki daidai da nasa. Ki hura sau ɗaya ki ce "kumfa!" Ki riƙe abin hurawar kusa da kumatunki, ki yi shiru. Duk abin da ya yi, kallo ne, miƙa hannu ne, ko "ah" kawai, ki ɗauke shi a matsayin magana: ki ce "ƙara!" ki hura nan take. In amsarki ta yi jinkiri, ba zai haɗa motsinsa da sakamakon ba. Dalilin riƙe abin kusa da fuska shi ne waɗannan yaran suna son kallon fuskar mutane, amma kai ido daga abu zuwa mutum a dawo kan abu yana ba su wuya, kuma a kan wannan kai-komon ido ake gina kalmomi. Haka kuma ba su cika neman abu da kansu ba kamar sauran yara. Saboda haka a riƙa ƙirƙirar dalilin nema: a ba shi ayaba yanka ɗaya maimakon duka, a sa abin wasa a roba mai murfi da ba zai iya buɗewa ba, a tsaya tsakiyar cakulkuli a jira. Minti 5 zuwa 10, sau uku ko huɗu a rana, ya fi dogon zama ɗaya da zai ƙare da kuka.

Wajen yi masa magana kuwa, ƙa'idar ita ce a rage kalmomi, a jaddada mai muhimmanci, a sassauta, a nuna abin. A zaɓi kalmomi kamar goma da yake bukata kullum, irin su ruwa, ƙara, buɗe, zo, a maimaita kowacce sau biyar a cikin wasa ɗaya ba tare da an tilasta masa ya faɗa ba.

Inda shirin ya gaza na farko shi ne kunne. Mafi yawan yara masu lalurar Down suna samun raunin ji, galibi saboda ruwa mai kauri da ke taruwa bayan dodon kunne, kasancewar hanyoyin kunnensu ƙanana ne. Abin yana zuwa yana tafiya, ba ya ciwo, shi ya sa ake cewa yaron taurin kai gare shi. Shawarar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ita ce a gwada jinsu duk bayan wata 6 a shekarun farko. Wanda ya biya kuɗin shiri bai gwada kunne ba, ya zuba ruwa a kwando. A duba ido ma, domin da yawa daga cikinsu na bukatar tabarau.

Na biyu, alamun hannu. Waɗannan yaran suna fahimta fiye da abin da suke iya furtawa, kuma abin da suka gani ya fi zama a kansu fiye da abin da suka ji. Shirin yana ƙarfafa nuni da hannu, amma ba ya ba da cikakken tsarin alamu. A Ingila ana cike wannan da Makaton, inda ake yin alama tare da furta kalmar a lokaci guda. Tsoron da iyaye ke yi cewa alama za ta hana magana ba shi da tushe. Yaro kan ajiye alamar da kansa in kalmar ta zauna a bakinsa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne yin alamar baki a rufe, ko kowa a gida ya yi tasa daban.

Na uku, hujjar bincike ba ta da kauri. Nazarin 2018 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana auna ingancinsa, kan irin waɗannan shirye-shirye da iyaye ke gudanarwa ga masu lalurar Down ya sami bincike 3 kacal, da yara 45 gaba ɗaya, ya kuma ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba. Abin da ya fi fitowa fili shi ne sauyin yadda iyaye ke magana da yaran, ba ƙaruwar harshen yaran a gwaji ba. Wani binciken Paul Yoder, mai bincike a Amurka, da abokan aikinsa a 2014, kan wani tsarin koyar da magana daban, ya nuna yara masu lalurar Down da suka sami zama biyar a mako sun fi masu zama ɗaya yawan kalmomin da suke furtawa. Ma'ana, 'yan watannin shirin somin taɓi ne, aikin na shekaru ne.

Ga gidan Bahaushe akwai ƙarin cikas. Littafin jagora da shirin ke bai wa iyaye babu shi da Hausa, ƙwararrun da ke da izinin koyarwa kuma sun fi yawa a Kanada da Amurka da Turai. Sannan shirin ya ɗauka uwa ce ko uba ke wasa da yaro, alhali a gidajenmu sau da yawa yayye ne da kaka da 'yar raino. Su ya kamata a fara koya wa jiran nan, a kuma hana yayye amsawa a madadinsa. Goyo yana da daɗi, amma yaron da ya wuni a baya ba ya ganin bakin mai magana, sai a ware lokutan sauke shi a fuskance shi. A guji wasan cilla shi sama ko tungure, domin wasunsu ƙasusuwan saman wuyansu ba su da ƙarfin riƙo.

Wanda ya sami hali da ƙwararre mai izini, shirin ya cancanci kuɗinsa, musamman kafin yaro ya fara haɗa kalmomi biyu. Wanda bai samu ba, ya jingina waya a bango, ya ɗauki minti uku na wasa, ya ƙirga tambayoyi nawa ya yi, da sau nawa ya jira har goma.