Google Drive ko Notion don adana takardun kamfani?

Malam, tsakanin Google Drive da Notion da ka tambaya don tattara takardun kamfani da hanyoyin aiki, ɗauki Google Drive. Amma fa na Workspace, wato tsarin Google na kamfanoni da ake biya, ba na Gmail ɗin kyauta ba.

Abin dubawa shi ne wa ya mallaki fayil. Duk abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a My Drive, wato rumbunsa na kansa a Google Drive, nasa ne. In da Gmail ɗinsa na kansa yake aiki, ranar da ya ajiye aiki sai ya tafi da jerin kwastomomi da takardar farashi, ku koma kuna bin sa da roƙo. A rumbun haɗaka, wanda suke kira Shared Drive, fayil na kamfani ne. Ka cire mutum yau, komai yana nan inda ya bari.

Kada ka cika rumbuna. Uku sun isa: kuɗi, ciniki, hanyoyin aiki. Mutum biyu kacal su zama manaja. Sauran a ba su matsayin Contributor, su iya sakawa da gyarawa amma ba su iya gogewa ko kwashe fayil zuwa wani wuri. Abin da aka jefa kwandon shara ma sai ya kwana 30 kafin ya ɓace. Daɗinsa yana fitowa ne ranar da sabon ma'aikaci ya share rabin takardar farashi: ka buɗe tarihin takardar, ga sunansa, ga lokacin, ka danna ta jiya ta dawo cak, ba cacar baki. Wurin ajiya kuwa, asusun kyauta GB 15 ne da Gmail da Photos suke ci tare, in ya cika har imel ya daina shigowa. A Workspace kuwa, tsarin Business Starter yana ba kowane mutum GB 30, na Business Standard TB 2.

Notion, to, manhajar rubutu da tsara bayanai ce a shafuka da teburori. Yana da kyan gani, kuma ya iya haɗa shafi da shafi. Sai dai a na kyauta fayil ba ya wuce MB 5, tarihin shafi kwana 7 ne. Yana kuma son mutum guda mai jarabar tsara abubuwa, in ya tafi sai wurin ya zama kango. Fitar da kayanka daga ciki ma aiki ne, don alaƙar da ke tsakanin teburori ba ta fitowa yadda aka gina ta.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu tallan “ajiya marar iyaka har abada” ko Microsoft 365 a kuɗin banza. Galibi asusun wata makaranta ne ko wani kamfani suke yankawa suna sayarwa. Mai kula da asusun zai iya sauya kalmar sirrinka ya shiga takardunka, ranar da aka rufe shi kuwa babu wanda za ka kai wa ƙara. Google ma ta daina ba makarantu ajiya marar iyaka tun 2022. Saya kai tsaye ko wurin dillalin da kamfanin ya amince da shi, kuma ka tabbata asusun babban mai kula yana hannunka, ba hannun wanda ya haɗa maka ba.