Sanitaiza ko sabulu da ruwa, wanne ya fi wa nas?

Gaskiya in aiki ya yi yawa sanitaiza ta fi sauƙi, sakan 20 zuwa 30 kin goga ta bushe kin wuce gado na gaba, amma fa sai wadda alkohol ɗinta ya kai kashi 60. Sabulu da ruwa kuwa sakan 40 zuwa 60 Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce, ga neman famfo. Sai dai in hannu ya taɓa jini ko amai ko bayan gida, ko mara lafiyar gudawa yake yi, don Allah a je a wanke da sabulu, akwai ƙwayoyin cutar da alkohol ba ya kashewa sai dai kumfa ta kwashe su su bi ruwa. Ko safar hannu kika cire sai kin tsaftace hannun.