Ƙullin busasshen kayan miya da naman banda: yadda yake a tukunya

A wani ƙauye na ƙaramar hukumar Bunkure, kusa da hanyar Rano, akwai wata dattijuwa mai ɗan shago a zauren gidanta da ke ƙulla busasshen kayan miya a leda guda tare da naman shanu na banda, domin matar da baƙi suka yi wa zuwan bazata, ko wadda ta dawo daga gona ko makaranta a gajiye, ta iya haɗa miyar ganye ba tare da ta aika yaro kasuwa ko wurin markaɗe ba. Na daɗe ina sayen wannan ƙulli, musamman da damina, kuma a ganina ya cancanci kuɗinsa, ko da yake akwai abubuwa biyu da ya kamata a gyara, ɗaya daga cikinsu ma ya shafi lafiyar masu ci.

Idan aka kwance ledar za a tarar da kauɗa, wato busasshen tumatir, busasshen tattasai da ɗan attaruhu, gabu, daddawa, da garin citta da masoro. Zogale da yakuwa kowanne yana cikin ƙaramar ledarsa, haka ma naman. Mai da gishiri da dunƙule ba sa ciki, kuma hakan daidai ne, tunda da wuya a rasa su a gida, sannan kowace mace da nata hannun wajen zuba su.

Wanda ba a wannan yanki yake zaune ba, zai iya mamakin yadda mutanen da ke noma tumatir suke neman busasshensa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya kafu a Kura da Bunkure da Garun Malam, har ta kai daga watan Janairu zuwa Maris kwandunan tumatir kan yi yawa a kasuwar Kwanar Gafan, manomi ya rasa mai saye da daraja, wani tumatirin ma ya ruɓe a gefen titi. Da ruwa ya sauka kuwa, sai tumatir ya yi wuya, matar manomin da ya zubar da shi da rani ta koma sayen 'yan ƙwayoyi da tsada. Waɗanda suka ga shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan mai cin ganye da 'ya'yan tumatir ta cinye gonaki, sun san cewa ko da rani ma ba a da tabbas. Saboda haka shanya tumatir tsohuwar dabara ce a wurinmu, kuma abin da ya bambanta kauɗar wani da ta wani shi ne inda aka shanya ta.

A nan ne wannan dattijuwa ta yi fice. Yawancin kauɗar kasuwa a ƙasa ake baza ta, wani lokaci a bakin kwalta, inda ƙurar motoci ke sauka a kanta, awaki da kaji kuma suna ratsawa, shi ya sa komai wankin da aka yi mata sai an ji tsakuwa a haƙori. Ita kuwa a kan gadon kara da aka ɗaga daga ƙasa take shanya tata a cikin gida, lokacin da iskar hunturu ke busar da abu da wuri, kuma ba ta yanka wanda ya fara ruɓewa. Ana gane haka tun daga launi, domin tata ja ce mai duhu, ba baƙa ƙirin ba. Idan aka jiƙa ta a ruwan zafi aka tsame, aka karkata kwanon a hankali, abin da ya kwanta a ƙasa 'ya'yan tumatir ne kawai, babu yashi. Zogalen ma a inuwa aka busar da shi, don haka yana nan kore shar, ba kamar wanda rana ta ƙona ya koma ruwan ƙasa ba, wanda ƙamshinsa da wani ɓangare na amfaninsa sun tafi.

Dahuwar ba ta da wahala, amma tana da tsari. Naman ake fara jiƙawa a ruwan zafi tun kafin a hura wuta sosai, a jiƙa kauɗa da tattasai a wani kwano dabam. Idan sun yi laushi sai a jajjaga su a turmi tare da attaruhu da gabu, a soya a man gyaɗa har sai man ya taso sama, domin wannan suyar ce ke kashe tsamin kauɗa, kuma wadda ta yi gaggawa a nan za ta ji a bakinta. Daga nan a daka daddawa a zuba, a juye naman tare da ruwan da aka jiƙa shi, saboda ƙamshin hayaƙin yana cikin ruwan, a rufe ya yi ta ɓararraka. Ganye shi ne na ƙarshe. Idan aka ɗora tukunyar miya lokacin da ake talge, kafin tuwo ya gama sulala miya ta haɗu, kuma itacen da ta ci bai kai rabin wanda ɗanyen naman shanu ke ci ba, abin da duk mai sayen itace da damina za ta yaba.

Ɗanɗanon ba irin na ɗanyen kayan miya ba ne, kuma bai kamata a yi tsammanin haka ba. Miyar tana fitowa da duhu, da kauri, da ƙamshin banda da daddawa wanda ya fi dacewa da tuwon dawa ko na masara a kan shinkafa. Ni na fi son ta a kan miyar tumatirin leda, wadda ke ba da ja mai kyau a ido amma ba ta da nauyi a harshe, kuma duk wanda ya karanta bayan wasu ledojin zai ga an rubuta sukari da sitaci a cikin haɗin. Sai dai yakuwar da ake sakawa ta yi yawa, domin tsaminta yana haɗuwa da na kauɗa, don haka rabi nake zubawa, kuma ba na ba da shawarar a nemi kashe tsamin da kanwa, saboda tana ƙara baƙanta miyar.

Gyara na farko a kan naman yake. Yana da tsabta kuma ya bushe sosai, amma yankan ba ɗaya ba ne, akwai tsoka mai kyau da ke laushi da wuri, akwai kuma jijiya da ba za ta nuna a wannan ɗan lokaci ba, sannan ana barin kitse a jikin wasu. Kitse ba ya jure ajiya, idan ya kwana biyu warinsa yana canjawa, ya bar maƙaƙi a maƙogwaro, ya ɓata miyar gaba ɗaya. Tunda kasuwar shanu ta Wudil ba ta da nisa, kuma mahauta suna yanka a kasuwannin ƙauye kowane mako, samun zallar tsoka ba zai gagara ba, ko da za a ƙara wani abu a kan farashi.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna. Babu wata alama a jikin ledar da ke nuna lokacin da aka ƙulla ta, alhali da damina danshi yana shiga ko'ina, daddawa tana jawo shi, tattasai da nama kuma suna iya yin funfuna ta ciki ba tare da an lura ba, kuma irin wannan funfuna dahuwa ba ta kawar da illarta. Na ce mata, “Iya, me zai hana a riƙa rubuta watan da aka ƙulla, a kuma raba daddawar da sauran kayan?” Ta ce, “'Yar nan, ai kayana ba sa daɗewa a kanta, amma zan sa jikana ya riƙa rubutawa.” Ta raba daddawar, rubutun ne har yanzu ba a fara ba, shi ya sa nake kwance ledar a gabanta in sansana, in karya tattasai ɗaya in duba cikinsa kafin in biya, kuma ba ta taɓa nuna ɓacin rai a kan haka ba.

Ƙulli ɗaya yana isar gida mai mutum biyar ko shida a ci sau ɗaya, kuma a tsakiyar damina kuɗinsa bai kai abin da za a kashe a kan ɗanyen kayan miya da nama da kuɗin babur zuwa kasuwa ba. Ga babban gida mai tukunya ɗaya ba zai yi riba ba, gara a sayi kauɗar da mudu a wurinta a haɗa da kai. Wadda za ta ajiye da yawa ta saya a watan Maris ko Afrilu, lokacin da kayan suke sababbi, ta juye su a robar da ke da murfi mai kamawa, ta ajiye naman dabam a inda iska ke ratsawa, ta kuma riƙa fito da shi rana duk lokacin da gari ya washe.