Malamin lissafin suna a Mai Wurno

Ana jibi sunan ɗana, Gwaggo ta tura ni wurin wani malami a bayan kasuwar Mai Wurno, wai a duba sunan da ba zai yi wa yaro nauyi ba. Mutum ne mai fara'a, har shayi ya zuba mini. Ya zana haruffa a yashi: Muhammad 92, Ali 110, ya haɗa da sunan mai jego. Abjadi kam, wato lissafin da ake ba kowane harafin Larabci lambarsa a tara, ya iya shi.

Inda muka raba gari, cewa ya yi Abdullahi bai dace da tauraron yaron ba. Haba Malam! Sunan da hadisin Muslim ya ce yana cikin mafi soyuwa ga Allah? Sadakar da ya yanka mini ma ta yi yawa. Abdullahi liman ya raɗa, Gwaggo na kiransa Abba.