Hanna HI98129: na'urar da ta dace da mai gwajin ruwan leda a Katsina

Wanda ya gama karatun kemistiri a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsin-Ma, idan bai nufi masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano ba, ƙofar da ta fi saurin buɗe masa a garin nan ita ce gidajen fiya wata, tunda NAFDAC na buƙatar mai ilimin kimiyya a kan aikin. Matsalar ita ce sau da yawa a ɗauke shi, a bar shi hannu rabbana, babu ko abin awo.

Wannan na'urar tana shiga aljihu, kuma tana auna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da yadda ruwa ke ɗaukar lantarki, da yawan gishirin da ya narke a ciki wato TDS, da zafin ruwan. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta ce pH ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, TDS kada ya haura miligiram 500 a lita. Ita kuwa tana karantawa har 2000. Abin da ya fifita ta a kan 'yan ƙananan na'urorin awon nan masu launin rawaya, masu araha, shi ne, idan kanta mai auna pH ya mutu, cire shi ake yi a sa sabo.

Amma tana son kulawa. A saita ta da ruwan saiti, wato ruwan da aka riga aka san awonsa, mai pH 7.01, sannan 4.01, ɓangaren lantarki kuma da na 1413, aƙalla sau ɗaya a mako. Kada a mayar da ruwan saitin da aka yi amfani da shi cikin kwalba. Hunturu ne babban abokin gabarta: ƙwan gilashin da ke bakinta yana bushewa, sai lamba ta riƙa yawo. A ɗiga ruwan ajiyarta cikin murfi kullum bayan aiki. Ajiye ta cikin tataccen ruwa kuskure ne, domin yana zuƙe gishirin da ke cikin kan. Idan ya riga ya bushe, a jiƙa shi awa guda a ruwan ajiya kafin a sake saiti.

Ruwan da ya fito daga injin RO, wato injin tace ruwa mai cire gishiri, yakan nuna pH ƙasa da 6.5, lambar kuma ta daɗe ba ta tsaya ba. Ba laifin na'urar ba ne. Iskar kabon ce ke ratsa matatar, ta sa ruwan ya ɗan yi tsami. A auna TDS kafin injin da bayansa: 300 ya shiga, 15 ya fito, matatar na cire kashi 95 cikin ɗari. Ranar da wanda ke fitowa ya fara hawa 50, a duba matatar.

Na'urar ba ta ganin ƙwayoyin cuta, ba ta ganin dalma ko naitaret. Wannan sai an kai samfuri ɗakin gwaji, kuma wajibi ne a faɗa wa mai gidan ruwa haka tun ranar farko, domin yara ne ke shan ruwan nan. Kafin a biya kuɗi, a tabbata mai sayarwa yana da ruwan ajiya da kan canji.