Gargaɗi ga masu sana'ar kati: an damfare ni naira 185,000 a cinikin wayar ado

Wannan gargaɗi ne ga duk mai haɗa katin gayyata da katin gaisuwa da hannu, musamman waɗanda suke buga hatimi a kan takarda sannan su ƙawata ta da wayar ado. Akwai wata mata da take tallar wannan waya a Instagram da WhatsApp, tana cewa kai tsaye daga kasuwar Yiwu ta ƙasar Sin ake kawo mata, kuma ta karɓi naira 185,000 daga hannuna ta aiko mini da baƙin ƙarfe da aka shafa wa fenti mai ruwan zinare. Naira 185,000, ban da takardar da ta lalace, ban da tawada da duwatsun ado, ban da mutuncina da ya zube a gaban baiwar Allah da ta ba ni aikin katin bikin 'yarta. Ba zan rubuta sunanta a nan ba tukuna domin maganar tana gaban hukuma, kuma shafin nata ma ya riga ya sauya suna, amma hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗi suna hannuna, kuma zan ɗora su.

Tun da labarin ya fita wasu suke cewa ai da na san kayan aikina da ba a cuce ni ba, kuma wannan maganar ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo. Na san waya. Na san cewa gejin waya, lambar da take nuna kaurinta, yana tafiya ne a juye, wato duk lokacin da lamba ta ƙaru sai kauri ya ragu: geji 20 kusan milimita 0.8 ne, geji 24 kusan rabin milimita, geji 26 kuma kusan milimita 0.4. Da geji 20 nake lanƙwasa harafin farko na sunan ango da amarya, domin yana riƙe siffarsa. Da geji 24 nake yin murɗaɗɗen reshe, in naɗe wayar a jikin fensir ko tsinken saƙa, in zare, in ɗan ja ta ta buɗe. Geji 26 kuwa shi ne na zura ƙananan duwatsu, domin ba ya yage takarda idan aka huda ta da allura aka ɓullo da bakin wayar ta baya. Na san ana gama buga hatimi, a barbaɗa garin ƙyalli tun tawada ba ta bushe ba, a narkar da shi da iska mai zafi, sannan a ɗora waya daga ƙarshe. Kuma na san dalilin da ya sa muke nacewa a kan jan ƙarfe mai rufin launi: yana da taushi a bakin filaya, rufinsa ba ya ɓarewa idan an lanƙwasa, kuma ba ya yin tsatsa ya ɓata takarda. Wanda ya san wannan duka ba za a ce bai san kayan aikinsa ba.

Abin da ya sa na amince da ita shi ne bidiyon da take tallar wayar da shi. Har yanzu ina maimaita kallonsa. Hannunta ne kawai ya fito, da lalle a yatsunta, ta warware waya daga jikin naɗi, ta sa wuƙa ta kankare rufin, sai ga jan ƙarfe yana ƙyalli a ƙasa, ta naɗe ta a jikin biro ta zare, murɗin ya tsaya cas. A bayan hoton tana cewa, "Anti, ki duba da idonki, ni ba na sayar da abin da ba zan yi amfani da shi ba, tsakanina da ke amana ce." Ta ambaci geji daidai, ta san bambancin jan ƙarfe da alminiyam, har ta ba ni shawara cewa kada in sa geji 20 a kan takardar da ba ta kai nauyin giram 250 ba, domin za ta rinjayi katin. Wannan magana ce ta wanda ya taɓa yin aikin, ko kuma wanda ya zauna ya koyi yadda masu aikin suke magana domin ya cuce su.

Kuma ban tura mata kuɗi masu yawa haka kawai ba. Kafin wannan, tun wajen ƙaramar Sallah, na sayi naɗi uku a wurinta na gwaji, aka ba direba a tasha, kayan suka iso Kano lafiya, kuma jan ƙarfe ne na gaske tun daga farkon naɗin har ƙarshensa. Na yi katunan suna da su, suna nan a gidajen mutane, babu abin da ya same su. Mene ne kuma ya rage mai hankali ya yi bayan ya gwada kaya ya same su da kyau?

Da aikin bikin ya zo, kati 250 a kan takarda mai ruwan madara, sai na nemi naɗi 40, ta ce kowanne naira 3,500, jimla naira 140,000. Na tura. Daga baya ta kira ni da murya kamar za ta yi kuka, ta ce kaya sun maƙale a Legas, sai an biya kuɗin fito da na dako, rabona naira 45,000, idan ban biya ba kayan kowa za su fita nawa su zauna. Na tura wannan ma, ya zama naira 185,000. Ya kamata in ce tun kafin kuɗin farko ta sanar da ni cewa asusun na maigidanta ne, shi ya sa sunan ya bambanta da nata. Kuɗi na biyu kuma wani asusun ta ba ni daban, ta ce na wakilin da yake fitar da kayan ne. Mata nawa ne a cikinmu suke kasuwanci da asusun miji ko na ƙane? Babu wanda yake ganin wannan a matsayin abin zargi, sai bayan abu ya faru kowa ya zama mai hangen nesa.

Naɗi 16 ne suka iso daga cikin 40, ta ce saura suna hanya. Na buɗe, na kankare bakin waya kamar yadda ta yi a bidiyo, na ga ja. Na ɗaga naɗin a hannu na ji nauyinsa, domin abin da nake tsoro shi ne a ba ni alminiyam, wanda jan ƙarfe ya ninka shi nauyi fiye da sau uku, kuma da shi ne da hannuna ya gaya mini nan take. Amma baƙin ƙarfe nauyinsa yana kusa da na jan ƙarfe, hannu ba zai rarrabe ba. Abin da aka yi shi ne an naɗe baƙar waya mai taushi, irin wadda masu haɗa furanni suke ɗauri da ita, an fesa mata fenti, sannan aka ɗora 'yan mitoci na jan ƙarfe na gaske a sama. Na ga mahaɗar da idona daga baya, an murɗe bakin biyun an tura su ƙarƙashin naɗin. Wannan ba kuskuren kamfani ba ne, mutum ne ya zauna da hannunsa ya shirya zamba cikin aminci.

Lokaci ya ƙure, 'yan matan da nake koya wa aiki su ne suka yi yawancin murɗin, ni kuma ina kan hatimi da huda. Ɗaya daga cikinsu ta ce mini, "Anti, wannan wayar tana barin launi a yatsa," na duba na ga ɗan ƙyalli ne, muka ɗauka ƙurar garin da muke narkarwa ce, domin teburi ɗaya ake aikin. Muka ɗiga farin gam a inda reshen yake taɓa takarda, muka jera katunan a kwali. Watan Agusta ne, damina ta zauna, iska cike da laima, ga ruwan da ke cikin gam ɗin. Duk inda filaya ta kama fentin ya tsage, kuma ta nan tsatsa ta fara.

Hajiya, uwar amaryar, ita ce ta fara gani, ba ni ba. An riga an kai mata kwalin, ta buɗe a gaban 'yan'uwanta za a fara rabo, sai ga jan tabo ya bi sawun kowane reshe, ya ratsa takardar har ya ɓulla ta baya, a wasu katunan ma ya hau kan sunan amarya. Ta kira ni ta ce, "'Yata, me na yi miki?" Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba. Na ce, "Mama, wallahi ban sani ba, ki ba ni zuwa gobe." Da na je na ɗauki kati ɗaya na shafa, tsatsar ta biyo yatsana, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A daren nan na cire mayen ƙarfe daga jikin firji na kara a kan naɗin da ya rage, ya manne. Jan ƙarfe ba ya kama mayen ƙarfe, alminiyam ma ba ya kamawa.

Na koma kan bidiyon nan na sake kallo, ina neman inda ta yi wani abu da ya kamata ya tsayar da ni, kuma ban samu ba. Wayar da ke cikin bidiyon ta gaskiya ce. Naɗi ukun farko na gaskiya ne. "Tsakanina da ke amana ce," haka ta faɗa, kuma da wannan kalmar ta karɓi naira 140,000, ta dawo ta karɓi naira 45,000. Na manta ban faɗa ba, tun kafin kayan su iso ta roƙe ni in rubuta mata yabo a shafinta saboda naɗi ukun nan, na kuwa rubuta da zuciya ɗaya, kuma yanzu na san da yabon nawa ta jawo wasu. Wannan yana cikin abin da yake hana ni barci.

Da na aika mata hoton katunan da na mayen ƙarfen, ta ce masu kamfani ne suka cuce ta, za ta mayar mini da kuɗina ranar Juma'a. Juma'a ta zo ta ce mahaifiyarta tana asibiti. Bayan haka ta toshe lambata, shafin ya koma wani suna da hotuna iri ɗaya da bidiyo iri ɗaya, sauran naɗi 24 kuwa ko sama ko ƙasa. Na sanar da bankina, na kai rahoto ofishin 'yan sanda, na kuma shigar da ƙorafi a hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC. Katunan Hajiya na sake su gaba ɗaya daga aljihuna, da zaren siliki a madadin waya, domin babu lokacin neman wata. Ban yafe naira 185,000 ɗin nan ba, kuma Allah ya isa tsakanina da ita.

Idan za ku sayi wayar ado, ku tafi da mayen ƙarfe, ku warware naɗin har ciki kafin ku biya, kuma kada ku tura wa kowa kuɗi na biyu da sunan kuɗin fito. Wadda ta taɓa sayen waya daga mai wannan bidiyo na hannu da lalle da biro, ta yi mini magana ta akwatin saƙo, domin ana buƙatar ƙarin masu shaida. Hotunan hirar da shaidar tura kuɗi zan ɗora su da zarar na rufe lambobin asusuna da ke jiki.