Ƙaramin otal a Ikeja GRA ko a Lekki Phase 1: wanne ya fi wa baƙo?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya: zai zo Legas daga Kano shi da uwargida, kwana biyar, yana son ƙaramin otal mai ɗakuna goma zuwa ashirin a cikin unguwa, ba babba na bakin titi ba. Ikeja GRA zai sauka ko Lekki Phase 1?

Alhaji, kafin ka kalli hoton ɗaki, duba inda harkarka take, domin a Ikko ruwa ne ya raba gari biyu. In Agege, Mile 12, Computer Village ko sakatariyar Alausa za ka riƙa zuwa, GRA ce taka, ga filin jirgin Murtala Muhammed a kusa. In kuwa Victoria Island ko Ikoyi ne, ka sauka Lekki, gadar Lekki-Ikoyi da aka buɗe a 2013 tana bakin unguwar. Wanda ya kwana a Ikeja alhali aikinsa yana tsibiri, kullum sai ya ketare ruwa, galibi ta gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, da safe tare da masu tafiya aiki, da yamma tare da masu komawa gida. Nan ake cinye wa mutum yini. Kuma kada ka sa ran acaba zai fid da kai, an hana shi a ƙananan hukumomin Ikeja da Eti-Osa tun 2022.

Wajen ruwa ne suka fi bambanta. Lekki ƙasa ce mai yashi tsakanin teku da tafki, ruwan burtsatsenta yakan zo da gishiri-gishiri ko ja-ja saboda sinadarin ƙarfe. Otal na ƙwarai yana da injin tacewa. Wanda bai kula da nasa ba, za ka ga farin tawul ya koma ruwan ƙasa, bakin famfo ya yi tsatsa. Kafin ka biya, ka tara ruwa a farin bokiti ka bar shi minti biyar, ka duba ƙasansa. Mai farar shadda ya kiyaye da ba da wanki a irin wannan wuri. Ikeja tudu ce, wannan matsala ba ta cika damunta ba. Haka ma damina: a Yuni da Yuli wasu layukan Lekki kan cika har ƙaramar mota ta kasa shiga, don haka ka nemi ɗakin bene.

Wuta kuwa, Ikeja Electric ke ba GRA, kamfanin Eko ke ba Lekki, amma tambayar ɗaya ce: janareta nawa otal ɗin yake da su? Ƙaramin otal mai guda ɗaya dole ya kashe shi ya huta, galibi da rana tsaka. Inbata, mai ba da wuta daga batir, tana ɗaukar fanka da fitila, ba lallai ta ɗauki na'urar sanyaya ɗaki ba. Ka ce su rubuto maka awannin wuta a WhatsApp.

“Cikin unguwa” ba kullum yake nufin shiru ba. Titin Isaac John a GRA da Admiralty Way a Lekki cike suke da gidajen abinci da mashaya, kiɗa har tsakar dare ranar Juma'a da Asabar. Tunda da iyali kake, zaɓi layin da ke ciki, ka kuma tambaya ko otal ɗin kansa yana da mashaya a tsakar gida. Layuka da yawa suna da ƙofa da maigadi, ana kulle wasu da dare; in jirginka na yamma ne, ka sanar da su, ka karɓi lambar wanda zai buɗe.

A kan kuɗi, tambayi ko farashin ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 da na jihar Legas na kashi 5, don kada a ɗora maka ranar fita. Biya kwana ɗaya tukuna, ka karɓi rasit. Ka taho da dadduma da buta, ƙananan otal ba su cika ajiyewa ba.

In harkarka ta rabu gida biyu, mu dai GRA za mu ce: ruwanta ya fi, tuwo da kilishin Agege suna kusa, ranar komawa Kano kuma ba gadar da za ka ketare.